Ma'aikatan Da Tafasasshen Ruwa Ba Ya Kashewa

Babu malamin makarantar da bai taɓa gaya wa yaransa ba, a darasin tsabta, cewa in ana so a kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa sai a ɗora shi a wuta ya tafasa. Maganar nan gaskiya ce, kuma muna roƙo kada kowa ya daina faɗinta, gama ƙwayoyin da ke kawo kwalara da taifot da atuni duk ba su jure wa tafasa. Amma daga nan sai mutane da yawa, har da masanan dā, suka ɗauka cewa babu wani abu mai rai da zai iya zama cikin ruwa mai tsananin zafi. Ashe ba haka ba ne. Akwai waɗansu halittu 'yan mitsi-mitsi, waɗanda ido ba ya gani, da ruwan da zai sale fatar mutum shi ne gidansu. A ciki su ke ci, a ciki su ke hayayyafa, in ma an sanyaya musu sai su daina girma. Ba su kawo wa mutum cuta. Abin da ya sa muka ga ya kamata mu kawo labarinsu shi ne, daga jikin ɗayansu aka samo abin da likitocin duniya su ke dogara da shi yau wajen gane cututtuka masu yawa, wanda ya samo halittar kuwa ba neman magani ya fita ba.

Mene Ne Enzayim?

Kafin mu yi nisa sai mu san ma'aikacin da mu ke magana a kansa. Mu dubi mai kunun zaƙi. Takan raba ƙullunta kashi biyu, ta dama babban kashin da tafasasshen ruwa har ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce, sa'an nan ta zuba sauran ɗanyen ƙullun, wanda aka niƙa tare da tsiron hatsi ko busasshen dankali. Kafin gari ya waye kaurin nan ya tsinke, zaƙi ya fito, ko da ba a sa sukari ba tukuna. Wa ya yi wannan aiki cikin dare? A cikin tsiron akwai wani sinadari wanda aikinsa ke nan, ya yanyanka sitacin hatsi ya mai da shi sukari. Irin wannan sinadari shi masana ke kira enzayim. Akwai irinsa cikin yawun bakinmu, shi ya sa in mutum ya daɗe yana tauna gurasa sai ya ji ta fara zaƙi. Waɗansu Faransawa biyu, Payen da Persoz, su suka fara ware shi daga tsiron sha'ir a 1833.

Enzayim iri-iri ne, dubbai, kowane da aikinsa guda, ba ya shiga na wani. Wani na narkar da nama, wani na narkar da mai, wani na gina tsoka, wani na kwafe saƙon gado daga uwa zuwa 'ya. Aikin da zai ɗauki shekaru in an bar shi ya faru da kansa, enzayim kan gama shi kafin ƙiftawar ido, shi kuwa ba ya ƙarewa, yana gama wannan sai ya kama na gaba. Duk abin da mai rai ke yi, daga numfashi har girma, da hannun waɗannan ma'aikata a ciki.

To, me ya sa mai kunu ta ke jira damun ya huce kafin ta zuba tsiro? Domin ta sani, ko da ba ta san dalili ba, in ta zuba shi cikin tafasa aikin ya ɓaci. Ga dalilin. Enzayim dogon zare ne na furotin, wanda aka jera da 'yan ƙwayoyi iri ashirin kamar duwatsun wuya, amma ba a miƙe ya ke aiki ba, sai an naɗe shi ya ɗauki wata siffa ta musamman. Misalinsa rawani. Rawani dogon ƙyalle ne kawai, naɗin shi ke mai da shi rawani, in ya warware ya koma ƙyalle. Zafi kuwa girgiza ce, gama in abu ya ɗau zafi 'yan ƙwayoyin da ke cikinsa rawar jiki su ke yi, zafi na ƙaruwa rawar na ƙaruwa. Mahayin da ya yi sakwan-sakwan da naɗinsa, in doki na tafiya sannu ba kome, amma da an zabura sukuwa sai rawani ya zube. Enzayim na jikin mutum an yi masa naɗin da ya dace da zafin jiki, watau digiri 37 a ma'aunin santigireti. In zafi ya kai digiri 60 mafi yawansu sun warware, kuma ba su komawa. Wanda ya ga yadda farin ƙwai ke daskarewa a tukunya ya ga wannan abu da idonsa, kuma ya san dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye.

Mutumin Da Ya Leƙa Maɓuɓɓuga

A ƙasar Amurka, galibi cikin jihar Wyoming, akwai wani babban gandun daji da a ke kira Yellowstone, wanda gwamnatin ƙasar ta keɓe tun 1872. Ƙarƙashin ƙasarsa akwai narkakken dutse, saboda haka ruwan da ya nutse can yakan dawo sama da zafi. Wuraren da ruwan zafi ko tururi ke fitowa a gandun sun fi 10,000, waɗansu suna kwance kamar tafki, waɗansu suna feshi sama kamar an buɗe famfo. Saboda tsayin wurin, ruwa yakan tafasa a can a wajen digiri 92 ko 93, ba ya jiran 100.

Wani malamin jami'ar Indiyana mai suna Thomas Brock, masanin ƙananan halittu, ya ziyarci gandun a 1964. Abin da ya ja hankalinsa shi ne launuka da ya gani shimfiɗe a magudanan ruwan zafi, ga kore, ga ruwan ɗorawa, ga ja-ja. Ya dawo a shekarun da suka biyo da tambaya guda, watau ina iyakar zafin da mai rai zai iya ɗauka? A lokacin nan akwai masanan da suka rubuta cewa iyakar ba ta wuce digiri 73 ba. Brock bai tsaya gardama da su a takarda ba. Sai ya ɗaura 'yan fale-falen gilashi a zare, ya zura su cikin maɓuɓɓugan, ya bar su kwanaki, sa'an nan ya ciro ya duba da madubi mai ƙara girman abu. Sai ga ƙwayoyin bakteriya sun manne a gilashin suna ta yaɗuwa, har a ruwan da ke dab da tafasa. Gani ya kori ji.

A watan Satumba na 1966, shi da wani ɗalibinsa mai suna Hudson Freeze, wanda ko digirin farko bai gama ba, suka ɗebo ɗan abu daga wata maɓuɓɓuga mai suna Mushroom Spring. Ɗalibin ya yi ta renonsa a ɗakin bincike cikin ruwa mai zafin digiri 70, har ya ware wata bakteriya mai siffar ɗan sanda, mai launin rawaya. A 1969 suka buga bayaninta, suka sa mata suna Thermus aquaticus, ma'anarsa mai zama cikin ruwan zafi. Sa'an nan Brock ya yi wani abu wanda a ranar bai zama kome ba a idon kowa. Ya aika da irin bakteriyar zuwa ma'ajiyar ƙananan halittu ta Amurka, inda duk mai bincike zai iya aikawa da kuɗi kaɗan a aiko masa. A 1976 wata ɗaliba a jami'ar Cincinnati, Alice Chien, tare da malaminta John Trela da wani abokin aikinsu, suka ciro daga cikinta enzayim mai kwafe saƙon gado, suka nuna ya fi aiki a wajen digiri 80. Suka buga, aka karanta, aka ajiye. Shekaru suka wuce ba wanda ya san abin da za a yi da shi.

Sirrin Naɗin

Da masana suka kwatanta irin waɗannan enzayim da 'yan'uwansu na halittun da ke zama cikin sanyi, sun yi tsammanin za su tarar da wani baƙon sinadari. Ba su tarar ba. Ƙwayoyin nan ashirin su ne dai, ƙyallen ɗaya ne, naɗin ne ya bambanta. An matse cikinsa tamau ba a bar gurbin da ruwa zai kutsa ba. An rage jelolin da ke reto a gefe, gama daga nan warwarewa ke farawa. An kuma yawaita wuraren da sassan zaren ke kama juna, mai cajin lantarki na wannan gefe ya riƙe kishiyarsa na wancan gefe, kamar mahayin da ya soke rawaninsa a wurare da yawa kafin hawan salla. Kowane riƙo shi kaɗai ba shi da ƙarfi, taruwarsu ce ke hana zubewa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Enzayim ba ya aiki sai yana ɗan lanƙwasa, ya kama abu ya saki. Wanda aka ɗaure tamau domin zafi, in aka kawo shi cikin sanyi sai ya sandare, aikinsa ya yi rauni ƙwarai. Zafin da ke kashe na jikinmu shi ke sassauta masa gaɓoɓi. Wannan ne ma ya sa halittun nan ba su iya zama cikin jikin mutum, gama a wurinsu jikinmu hunturu ne.

Inda Aka Bukace Shi

Kowace halitta tana ɗauke da saƙon gadonta a rubuce cikin wani zare mai tufka biyu, wanda masana ke kira DNA. Ƙwayar cuta ma tana da nata, wanda ya bambanta da na kowa. In da likita zai iya karanta wannan saƙo cikin ɗigon jinin majiyyaci, da ya san cutar ba tare da kintace ba. Wahalar ita ce abin ya yi kaɗan ƙwarai, kamar neman allura cikin rumbun gero.

A 1983 wani masani mai suna Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a Kalifoniya, ya yi tunanin dabara. A zafafa zaren zuwa wajen digiri 95, tufkar ta rabu biyu. A sauko da zafin, a sa 'yan alamu biyu su manne a farko da ƙarshen wurin da a ke nema. Sai enzayim mai kwafi ya bi kowane ɓari ya gina masa abokin tufka, ɗaya ya zama biyu. A sake zafafawa, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Akawun da ya iya lissafi ya gwada a takarda. Zagaye 10 ya ba da 1,024, zagaye 20 ya wuce miliyan ɗaya, zagaye 30 ya wuce miliyan dubu. Allurar nan ta cika rumbu, ba sauran nema. Wannan dabara ita a ke kira PCR. Rahoton farko da aka buga a kanta, a 1985, a kan gane cutar sikila ne, watau amosanin jini, cutar da babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da a ke haifa da ita.

Sai dai akwai cikas. Enzayim ɗin da suka fara aiki da shi daga bakteriyar hanji aka samo shi, saboda haka duk sa'ad da aka kai digiri 95 sai ya mutu. Dole ma'aikaci ya tsaya a kan kwalabe, ya buɗe ya ɗiga sabo a kowane zagaye, har sau talatin, ga tsada, ga gajiya, ga kuskure. Nan ne ma'aikatan kamfanin suka tuna da bakteriyar Brock da ke ajiye a ma'ajiya. Suka aika aka kawo, suka ciro enzayim ɗinta, wanda a ke taƙaita sunansa a ce Taq. Shi kuwa yakan yi wajen minti 40 a digiri 95 kafin rabinsa ya lalace, kuma a digiri 72 ya ke aikinsa cikin jin daɗi. Sau ɗaya za a zuba shi, a rufe kwalba, a bar wa na'ura ta yi ta hawa da sauka da zafi. Aka buga wannan a 1988. A 1991 kamfanin Hoffmann-La Roche na ƙasar Suwizalan ya sayi haƙƙin dabarar a kan dala miliyan 300, a 1993 kuma aka ba Mullis lambar Nobel ta ilmin sinadarai.

Amfaninsa ya iso mu. Da wannan dabara a ke tabbatar da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, shekarar da aka raɗa wa bakteriyar nan suna. Da ita aka tabbatar da cutar Ebola sa'ad da ta shigo Legas a 2014, har aka bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da masu ita aka tare ta. Da ita a ke gane tarin fuka cikin majina a 'yan sa'o'i, har a san ko irin wanda ba ya jin magani ne. Da ita a ke duba jaririn da uwarsa ke da cutar ƙanjamau tun yana ɗan makonni. Mafi yawan waɗanda aka zura wa auduga a hanci aka kai ɗakin gwaji a annobar korona ta 2020, da ita aka duba su. A 2000 kuma masanan Japan suka fito da wata dabara mai kama da ita, da enzayim na wata bakteriya mai son zafi, wadda ke aiki a zafi guda, wajen digiri 60 zuwa 65, ba hawa ba sauka. Wannan ta fi dacewa da asibitin ƙauye inda babu babbar na'ura.

Har Ƙarƙashin Teku

Da aka ga abin da maɓuɓɓuga guda ta haifar, sai masu bincike suka bazu. Wani Bajamushe, Karl Stetter, da abokin aikinsa suka bayyana wata halitta a 1986 daga bakin tekun tsibirin Vulcano na Italiya, wadda ta fi jin daɗin girma a digiri 100. Enzayim ɗinta ya fi Taq a abu guda, gama in ya yi kuskuren kwafi yakan koma ya gyara, kamar akawun da ke bin wasiƙarsa kafin ya kai a sa hannu. Tun 1977 kuma an gano maɓuɓɓugan zafi a ƙarƙashin teku, inda nauyin ruwan sama ke hana ruwa tafasa ko da ya wuce digiri 300. A 2008 masanan Japan suka nuna wata halitta daga irin wurin nan a Tekun Indiya tana hayayyafa a digiri 122, alhali kuwa tukunyar da asibiti ke dafa kayan tiyata a digiri 121 ta ke aiki.

Masana'antu ma sun sami rabonsu. Inda a ke mai da sitacin masara ko na rogo sukarin ruwa, a kan dafa shi da tururi a wajen digiri 105 tare da enzayim mai jure zafi, watau aikin mai kunu ke nan ba tare da jiran hucewa ba. Zafin na hana kauri toshe bututu, yana kuma hana baƙin ƙwayoyi ɓata kaya. Masu haɗa abincin kaji suna sa irinsa, domin a kan curo abincin da tururi. A 2012 kuma masanan jami'ar Osaka suka sami wani enzayim cikin tarin ruɓaɓɓen ganye, wanda masanan Faransa suka ƙara wa naɗi, suka nuna a 2020 cewa yana narkar da kashi 90 cikin 100 na robar gorunan ruwa cikin sa'a 10, a zafin da ya ɗan wuce digiri 70.

Wa Ke Da Maɓuɓɓugar?

Akwai wani gefen labarin da ya kamata masu riƙe da dukiyar jama'a su lura da shi. Cikin ɗimbin kuɗin da aka samu da Taq, gandun Yellowstone bai sami ko anini ba, domin sa'ad da aka ɗebi bakteriyar babu wata yarjejeniya a kan abin da za ta haifar. Sai a 1997 hukumar gandun ta fara ƙulla yarjejeniya da wani kamfani a kan rabon amfani. A 2010 ƙasashen duniya suka amince a birnin Nagoya na Japan cewa mai son ɗibar irin wannan abu a wata ƙasa sai ya nemi izini, kuma ya yi rabo da masu wurin. Dukiyar da za a iya fita da ita cikin cokali guda na laka tana bukatar tsaro irin wanda ba a saba ba, tsaron kuwa shi ne a sami 'yan ƙasa da suka san abin da ke cikin lakar.

Mu ma ba mu rasa wuraren dubawa ba. Ruwan Wikki na gandun Yankari ɗumi ne kawai, digiri 31, amma akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta jihar Adamawa, akwai na Ikogosi a jihar Ekiti. Kusa da wannan ma, tarin taki ko juji mai ruɓa yakan kai digiri 60 zuwa 70 a cikinsa, masu son zafi ne kuwa ke wannan aiki. Brock da kansa ya sami dangin bakteriyarsa daga baya cikin tankunan ruwan zafi na gidaje.

Saboda haka muna ba malamai shawara su kai wannan darasi aji, gama ba ya bukatar kayan tsada. A dama koko mai ɗan kauri, a bari ya huce ya zama ɗumi, a raba kofi biyu. A jiƙa niƙaƙƙen tsiron gero ko na dawa, a tace ruwan, a raba shi biyu, a tafasa rabi a bar rabi. A zuba ɗanyen a kofi ɗaya, tafasasshen a ɗaya kofin, a ajiye su wuri mai ɗumi. Bayan sa'a ɗaya ko biyu yara za su ga na farko ya tsinke, na biyu yana nan da kaurinsa. In an sami aidin daga ɗakin shan magani, a ɗebi cokali guda daga kowane kofi a ɗiga masa, mai sauran sitaci zai koma shuɗi mai duhu, amma kada a bari kowa ya sha wanda aka ɗiga wa. Kashegari a ɗauki ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 100, a je bayan makaranta da yaran, a tura shi cikin tarin taki, a bar su su karanta abin da ya nuna su rubuta a littafinsu. In wani yaro ya tambaya me ke zaune a cikin wannan zafi, kada a ce masa tambayar ba ta cikin manhaja, gama irinta ce Brock ya yi a bakin maɓuɓɓuga a 1964.